An ɗora ni a kan abokan aikina, yanzu ba mai gaya min gaskiya. Ya zan yi?

sabon_oga ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka daɗe suna riƙe da mutane a wurin aiki ku taimaka min da shawara, abin nan ya fara hana ni barci. Wata huɗu ke nan da aka ƙara min girma aka ba ni shugabancin sashenmu, mu goma ne har da ni, kuma duk waɗanda nake shugabanta yanzu abokan aikina ne, wasu shekara biyar muna tebur ɗaya, biyu ma sun riga ni fara aikin kuma sun girme ni. Ogan da na gada mutum ne mai zafi, irin wanda in ya shigo kowa sai ya kama kansa, mun sha wuya a hannunsa har muna cewa duk ranar da ɗayanmu ya hau kujerar nan ai kakarmu ta yanke saƙa. To ga shi na hau, amma wallahi abin ba haka ya zo ba.

Yanzu in na shigo ana hira sai ka ji an yi tsit. A mitin in na ce akwai mai matsala, kowa sai ya ce ba komai oga, lafiya lau oga, wanda da muke kiran juna da sunan tsokana shi ma yanzu yallaɓai yake ce min. Na ji ƙishin-ƙishin sun buɗe wani guruf a WhatsApp ba ni a ciki, wannan bai dame ni can ba don mu ma haka muka yi wa tsohon oga. Abin da ya ƙona min rai shi ne satin da ya wuce na gano an tura wa wani kwastomanmu rahoto da lissafin da ba daidai ba, mutum uku a cikinsu sun san da maganar tun sati uku suna ta ƙoƙarin gyarawa a ɓoye, ni ban ji ba sai da kwastoman ya kira manajanmu shi kuma ya kira ni ofishinsa yana tambayata ina tsaye kamar gunki ban ma san a kan me ake magana ba.

Ni dai a ganina na yi iya ƙoƙarina, ranar farko na tara su na ce ku ɗauke ni kamar da, duk mai magana ya shigo kansa tsaye, ofishin ma ba na rufewa. To me kuma ya rage? Ya ake yi mutanen da ke ƙarƙashinka su yarda da kai? Ko dai haka kujerar take in haƙura kawai?

yar_ritaya ta rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Kafin in ce komai ina da tambaya biyu, ka ba ni amsa tsakaninka da Allah. Ranar da ka gano maganar rahoton nan me ka yi wa su ukun? Sannan kafin wannan, a cikin wata huɗun akwai wanda ya taɓa kawo maka labari mara daɗi da bakinsa? In akwai ya kuka ƙare?

sabon_oga ya rubuta:

Kai Mama kin kama ni. Gaskiya raina ya ɓaci ranar, na tara kowa na yi faɗa sosai na kira sunayensu a gaban mutane, washegari na ba su ukun takardar tuhuma na ce su amsa cikin awa 24. Ta biyun kuma sai da na zauna na yi tunani. Akwai wata yarinya sabuwar ɗauka, a watana na farko ta zo ta ce min ta goge wani fayil bisa kuskure, ban yi mata faɗa ba amma na ce mata ashe har yanzu kwamfuta na ba ki wahala, akwai mutum biyu a wurin suka yi dariya, ni da wasa na faɗa wallahi. Tun daga nan kam ban tuna wani ya sake zuwa ba.

yar_ritaya ta rubuta:

To ai ka ba kanka amsa. Shekara 31 na yi ina aiki, sha biyu daga ciki da mutane a ƙarƙashina, abin da na gane shi ne ma'aikata ba sa wani sauraron jawabin da sabon shugaba ke yi ranar farko, duk wanda aka taɓa kawo musu ya yi irinsa, har wancan mai zafin na tabbata ya ce musu duk mai magana ya shigo. Abin da suke zuba wa ido shi ne mutum na farko da ya shiga da mugun labari, da wace irin fuska ya fito. Yarinyar nan ita ta auna musu zurfin ruwan, ta fito ana mata dariya, to wa zai bi bayanta? Na yarda wasa ka yi, amma wasan da ka yi kuna tebur ɗaya daban, wanda ka yi kana riƙe da biron da ke sa hannu a takardar ƙarin girmansu daban. Ga shi kuma mutane ne da maciji ya riga ya sara a hannun wancan ogan, ko baƙin tsumma suka gani sai sun ruga.

Akwai labarin da nake yawan ba yaran da na horar. A 2006 kamfanin motoci na Ford ya ɗauko Alan Mulally daga kamfanin ƙera jiragen sama na Boeing ya ba shi shugabanci, a shekarar nan kamfanin ya tafka asarar sama da dala biliyan 12. Sai ya kafa mitin duk ranar Alhamis, kowane babban manaja ya zo ya nuna yadda aikinsa ke tafiya da launi, kore lafiya lau, rawaya akwai 'yar damuwa, ja akwai matsala. Sati bayan sati kowa kore yake kawowa, kamfani na nitsewa allo kuwa kore shar, saboda a da duk wanda ya nuna gazawa a gaban manya ya san kwanansa ya kusa ƙarewa a wurin. Rannan sai wani mai suna Mark Fields ya yi ta maza ya sa ja a kan sabuwar motar Edge da ake shirin fitarwa, an samu matsala a ƙofar bayanta ya dakatar da ita. Ɗaki ya yi tsit ana jira a ga yadda za a yi da shi, sai Mulally ya hau tafa masa, ya juya ya tambayi sauran wa zai iya taimaka masa. Ba a daɗe ba allon ya cika da ja da rawaya. Ka lura ba matsalolin ne suka ƙaru ba, da ma suna nan, fitowa fili suka yi. Shi Fields ɗin kuwa shi ya gaji kujerar Mulally a 2014.

Kai naka Fields ɗin ya zo tun watan farko ka yi masa dariya, na biyu suka ɓoye ka ba su takarda, to kana tsammanin na uku ya yi me?

Shawarata ka kira su ukun ɗaya bayan ɗaya ba tare ba, ka rufe ƙofa, ka ce musu ɓacin ran da na yi yana kan hanya amma tozarta ku a gaban mutane kuskurena ne ku yi haƙuri. Sannan ka yi musu tambaya ɗaya tak, me ya sa kuka ga ɓoyewa ta fi muku sauƙi a kan ku gaya min. In ka tambaya ka kama bakinka, ko minti biyu za a yi shiru kar ka cike musu gurbin, kuma duk abin da suka faɗa kar ka fara kare kanka ko da ya yi maka ciwo, zai kuma yi. In da hali ka janye takardar. Yarinyar nan ma ka neme ta, ita ce ma ta farko.

nas_mai_aikin_dare ta rubuta:

Mama ta gama magana, ni dai zan ƙara ne daga ɓangarenmu na asibiti don mu wannan maganar ta rai ce ba ta rahoton kwastoma ba. Akwai wata malama a jami'ar Harvard, Amy Edmondson, a shekarun 1990 ta yi bincike a kan kuskuren ba da magani a asibiti. Ta shiga da tunanin rukunin ma'aikatan da suka fi haɗin kai kuma suke da shugaba na gari su za a samu da ƙarancin kuskure, da sakamako ya fito sai ga akasin haka, su ne lissafin kuskurensu ya fi yawa. Da aka bi diddigi sai aka gane ba wai sun fi yin kuskuren ba ne, sun fi faɗa ne in sun yi, sauran kuwa rufewa suke don tsoro. Daga nan ta ci gaba da aiki a kan abin har ta fitar da rubutunta na 1999 da ya yi suna, a kan yadda ma'aikaci ke samun natsuwar buɗe baki ya yi tambaya ko ya ce na yi kuskure ba tare da fargabar za a wulaƙanta shi ba. Google ma a 2012 sun fara nasu binciken a kan rukunin ma'aikatansu 180, suka sa masa suna Aristotle, su ma a ƙarshe wannan natsuwar ce ta zo musu a sahun gaba, ta fi batun su waye a cikin rukunin.

Don haka malam, mitin ɗin da kowa ke ce maka lafiya lau oga, wannan shi ne abin tsoro, ba wanda ake kawo maka ƙorafi goma ba.

Na yi aiki ƙarƙashin shugabannin ɗaki biyu da ba zan manta da su ba. Ta farko in ka je ka ce mata an samu kuskure, kalmar farko da ke fita bakinta ita ce wa ya yi. Ta biyu kuwa sai ta ce me ya faru, mu je mu duba mara lafiyan tukuna, sauran magana sai an jima, kuma in an jiman za ta zaunar da kai ku biyu ta wanke ka tas in ka cancanta, ba ta da wasa ko kaɗan, amma ba a gaban mutane ba kuma ba ta sake tayar da maganar bayan wata shida. A hannun ta farkon na ga ma'aikaciya ta gane ta ba da allura ba a kan lokaci ba ta yi shiru tana ta addu'a a zuci har gari ya waye. A hannun ta biyun ƙarfe uku na dare za ka buga mata waya ba ka ko ɗar. Bambancin wa ya yi da me ya faru kamar ƙarami ne a baki, amma shi ke nuna wa mutum ko farautarsa ake ko gyara ake nema.

ba_sani_ba_sabo ya rubuta:

Ni fa zan ɗan saɓa muku, da girmamawa Hajiya. Kun mayar da abin kamar duk laifin na oga ne. Mutum uku sun san an tura lissafin ƙarya ga kwastoma suka yi gum sati uku, wannan ai ba kuskure ba ne shawara suka yanke, kullum suka wayi gari sai sun sake yanke ta har kwana ashirin da ɗaya. In ya janye takardar nan haka kawai, sauran shidan da ba su yi komai ba me ya koya musu? Ya koya musu in ka yi laifi ka ɓata rai kwana biyu oga zai zo ya ba ka haƙuri. Na taɓa aiki da shugaba mai son kowa ya so shi, wallahi ya fi mai zafin wahalar da mu, don malalata suka haye kansa mu masu aiki muka zama jakuna, kuma ba wanda ya yarda da shi tunda ka san duk wanda ya shiga ofishinsa ƙarshe shi ke fitowa da hukunci.

Yarda daban, so daban. Mutum zai iya ƙin jininka amma ya yarda da kai in ya san abin da ka faɗa ranar Litinin shi ne dai ranar Juma'a, kuma dokar da ta hau kansa ita za ta hau kan abokinka.

Ni a wurina babban kuskurenka ba faɗan ba ne, maganar nan ce ta ku ɗauke ni kamar da. Wannan ba gaskiya ba ce kuma sun san ba gaskiya ba ce, kai ke ba su hutu kai ke hana su, kai ke cike musu fom ɗin tantance aiki a ƙarshen shekara, ta yaya za ka zama kamar da? Ka fara mulkinka da maganar da ba za ka iya cikawa ba, da ka ba da takardar tuhuma kuwa sai suka ce ka gani ko, da ma mun faɗa. Da ka ce musu jama'a abubuwa sun canza, akwai abin da zan riƙa ji daga sama da ba zan iya gaya muku ba, in haka ta faru zan ce muku ba zan iya faɗa ba amma ba zan yi muku ƙarya ba, da sun fi ganin girmanka.

Sai abu biyu da ba wanda ya taɓo. Na ɗaya a cikin taran nan tabbas akwai amininka, kowa ya sa muku ido, ranar da ya makara ka kau da kai wani ya makara ka yi magana, shi ke nan ka gama yawo. Kuma nan gaba kaɗan wani zai fara shigowa yana rufe ƙofa a hankali yana cewa oga ka san me wane ya ce a guruf, in ka saurare shi sau ɗaya ka kashe sashen da hannunka, ka ce masa kira min wanen mu zauna mu uku, ba zai sake dawowa ba. Na biyu waɗannan biyun da suka girme ka aka tsallake su aka ba ka, ka taɓa zama da su a kan maganar? Ko kana ta yi kamar ba abin da ya faru? Ruwa fa ba ya tsami banza.

karamin_maaikaci ya rubuta:

ni ban taɓa zama oga ba kuma ba na ma so amma shekarata takwas a ƙarƙashin ogogi kala-kala don haka bari in gaya maka yadda abin yake daga ƙasa, mu fa ba wani babban abu muke nema ba, ka ce min za ka duba maganar hutuna zuwa Laraba to Laraba ta yi ka kira ni ko da amsar a'a ce, ba sai na zo ina bin ka kamar mai bin bashi kana cewa af na manta ba, sau uku ka min haka na gama da kai duk wani jawabi da za ka yi a mitin iska ce a kunnena, alkawari kaya ne ko da ƙarami ne. akwai wanda na yi wa aiki na kwana uku ina haɗa wani tsari ya ɗauka ya kai wa manya yana cewa na zauna na yi tunani na ga ya kamata mu yi kaza, ina zaune a ɗakin fa, tun daga ranar ban sake ba shi wata dabara ba abin da aka sa ni kawai nake yi in tashi. akwai kuma wani da na tafka ɓarna ta gaske manyan suka taso kamar za su cinye ni ya miƙe ya ce ni na sa hannu a takardar nan ni za ku tambaya, da muka koma ofis ya yi min tatas mu biyu, wannan mutumin ko yau ya kira ni ya ce ya buɗe kamfani ba albashi wata uku zan bi shi.

tambayata gare ka oga, da manaja ya kira ka me ka ce masa? ka ce laifin sashena ne zan gyara, ko ka ce wallahi yallaɓai yaran nan ne suka ɓoye min? don ka sani duk abin da ka faɗa a ɗakin nan sun riga sun ji, ban san ta yaya ba amma kullum muna ji.

sannan kai kanka ka yarda da su? sababbin ogogi kuna da wata cuta, tsoron kar a ce kun kasa sai ku ce komai sai ya bi ta teburinku har imel mai layi biyu sai kun karanta kafin a tura, mutumin da ya riga ka fara aiki kana duba masa waƙafi, ka nuna masa ba ka yarda da shi ba kana kuma mamakin bai yarda da kai ba.

injiniya_k ya rubuta:

Dabara ɗaya zan ba ka a kan mitin. Daina tambayar akwai mai matsala, wannan tambayar amsarta a'a ce a duk duniya. Ka ce wane abu ne a aikin nan kuke ganin zai iya ba mu kunya nan da sati biyu, kuma ka fara da mafi ƙanƙanta a ɗakin, kai ka faɗi naka ra'ayin a ƙarshe, don da zarar oga ya faɗi nasa kowa sai ya ce ai abin da nake shirin faɗa ke nan.

A harkar jiragen sama da jini aka koyi wannan darasin. Ranar 27 ga Maris 1977 a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya jirage biyu ƙirar Boeing 747, na kamfanin KLM da na kamfanin Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu, har yau ba a yi haɗarin jirgin sama da ya kai shi kisa ba. Kyaftin ɗin KLM babba ne ƙwarai, shi ke horar da matuƙan kamfanin. Da ya fara gudun tashi injiniyan da ke bayansa ya tambaya ko jirgin Pan Am ya bar titin, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa e, ba wanda ya sake magana. Wannan haɗarin da wasu irinsa suka sa aka fito da horo na musamman da ke koya wa na ƙasa yadda zai ja da kyaftin, ya kuma koya wa kyaftin yadda zai saurara, kamfanin jiragen sama na United ya fara shi gadan-gadan a 1981. Wato ba su tsaya cewa ku ji daɗin magana ba, tsari suka yi masa. Haka Toyota, a masana'antunsu akwai igiyar da ƙaramin ma'aikaci zai ja in ya ga matsala, shugaban rukuninsa ya taho da sauri ya taimaka, in abin bai gyaru ba layin ya tsaya. Kai ma ka yi musu taku igiyar, ko da doka ce mai sauƙi, duk kuskuren da ya shafi kwastoma in ji shi a ranar.

yar_ritaya ta rubuta:

ba_sani_ba_sabo ƙanena na yarda da kai a maganar ku ɗauke ni kamar da, ka fi ni gani a nan. Amma a batun takarda ina nan a kan bakana. Ɓoyewa laifi ce babba ban musa ba, sai dai shi da kansa ya taimaka wajen shuka ta, ba adalci ba ne ka toshe hanya sannan ka hukunta mutum don bai bi ta ba. Ya yafe wannan, ya tsaya a gaban kowa ya ce daga yau wanda ya kawo min kuskurensa da kansa za mu gyara tare, wanda ya ɓoye na gano kuwa ba ruwana da sabo. In aka sake bayan nan ni da kaina zan ce ya ba da takarda.

ba_sani_ba_sabo ya rubuta:

In dai zai faɗi dokar a fili kuma ranar da ta hau kan amininsa ya zartar, na sauko Hajiya. Ina dai shakkar zai iya.

sabon_oga ya rubuta:

Jama'a na gode ƙwarai, na yi shiru kwana biyu ne don ina so sai na gwada kafin in dawo. Na kira su ɗaya-ɗaya kamar yadda Mama ta ce. Na farko abin da ya gaya min ya kashe min jiki, wai sun ga yadda manaja ke matsa min tun da na hau shi ya sa suka ce bari su gyara a tsakaninsu kar su ja min, ni kuma na tashi na tozarta su. Ta biyu ba ta ɓoye min ba ta ce tun da ka hau kujerar nan har tafiyarka ta koma irin ta wancan, in ka shigo da safe fuskarka muke fara karantawa. Ya yi ciwo kam, na dai danne ban ce komai ba. Na ukun shi ne ɗaya daga cikin waɗanda suka girme ni, shi kam ba komai yallaɓai ya wuce kawai ya yi ta maimaitawa har na gaji na sallame shi.

Takardar ba ta janyuwa don kwafi ya riga ya tafi ofishin kula da ma'aikata, sai na rubuta wata na haɗa da ita cewa ban shimfiɗa musu hanyar kawo rahoton matsala ba kuma ina da kaso a laifin, na nuna musu kafin in tura. karamin_maaikaci tambayarka ta hana ni sukuni, gaskiya cewa na yi yaran ne suka ɓoye min, na koma wurin manaja na gyara maganar, ya dube ni wani iri amma bai ce komai ba. Imel ɗin ma na daina dubawa sai na manyan kwastomomi biyu. Yarinyar kuma ashe har ta fara neman a canza mata sashe, ta ce za ta yi tunani.

Jiya a mitin na yi tambayar da injiniya_k ya ba ni, aka yi shiru har na fara zufa, can sai wani ya ce aikin da na yi wa manaja alkawarin gamawa ranar 20 ga wata ba zai yiwu ba ko da za mu kwana a ofis. Wallahi na ji abin ya taso min har wuya don ni na yanke ranar ban tambayi kowa ba, na ce masa na gode, nawa ne zai yiwu, muka tsaya a 27. Gobe zan je in gaya wa manaja, ku sa ni a addu'a.

Saura dattijon nan, ban san ta inda zan ɓullo masa ba, gaisuwa kawai ke haɗa mu.

ba_sani_ba_sabo ya rubuta:

Kar ka takura masa da zama, ba zai buɗe maka ciki don ka kira shi ofis ba. Nemo ɓangaren aikin da ya fi ka sani, tabbas akwai, ka damƙa masa gaba ɗaya ka cire hannunka, in za a kai wa manaja ka tafi da shi shi ya yi bayani da bakinsa. Ka ba shi wata uku ka gani. Guruf ɗin WhatsApp kuma kar ka kuskura ka nemi a sa ka, bar musu kayansu.